Ɗakin Gwaggo a Cikin Kwamfutata

Lokacin da na dawo Dogon Dutsi daga Yamai, kayana ba su wuce jaka ɗaya da wani baƙin akwatin ƙarfe ba. Akwatin kwamfuta ce, tsohuwa amma mai ƙarfi, irin wadda manyan ma'aikatu ke ajiyewa a ɗakin sanyi. A gwanjo na same ta. A kan cinyata na rungumo ta tun daga tasha har muka iso, don na ƙi yarda a ɗaure ta a saman mota tare da buhunan albasa.

Yayana ne ya tarbe ni. Shi ne babba a ɗakinmu, yana sayar da kayan gyaran babur a wani layi da ke bayan kasuwa. Tun da mahaifinmu ya rasu shi ya tsaya mana a matsayin uba. Gara in faɗi wannan tun yanzu, domin labarin da zan bayar zai iya sa a ɗauke shi mugu, alhali ba mugu ba ne. Da baffanninmu suka ce karatuna ya tsaya a koleji, shi ya fuskance su ya ce addini bai hana mace ilimi ba, umartar ta ma ya yi. Shi ya kai ni Yamai da kansa, ya samo mini masauki wurin iyalin abokinsa. A masallacinsu na koyi karatun addini, kuma har yau can nake zuwa darasin mata.

Ya ba ni wani ƙaramin ɗaki a bayan kantinsa. Akwai masu kwamfuta a layin, amma yawancinsu sun lulluɓe su da zane sun haƙura. Zafin bazara yana kashe su, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Mai janareta sai ya tashe ta don kawai ya duba ko wani kaya ya saura a sito.

Ranar da na kunna akwatin, Yaya ya tsaya a kaina ya ce, "To, wannan abu mai ƙugi me zai yi mana wanda namu ba su yi ba?"

Na ce, "Yaya, shi akwatin ɗaya ne, amma zan iya raba ƙarfinsa in gina ƙananan kwamfutoci a cikinsa. Ba su da jiki, ba ka iya taɓa su, amma kowacce tana tashi, tana aiki, ana kashe ta kamar kowace kwamfuta. A lekwal, can makaranta, mashin birtuwel muke ce musu."

"Faɗa mini da Hausa."

"Ɗauke shi kamar gida mai ɗakuna. Kowa da ɗakinsa da makullinsa. Na wannan ɗaki ba ya ganin abin da ke wancan. In wuta ta kama a ɗaya, ba ta tsallakawa."

Daga ranar muka riƙa ce musu ɗakuna.

Na Yaya na fara ginawa. Sai na abokinsa, wani mai sayar da atamfa da shadda, wanda suke sahu ɗaya a masallaci. Na uku wani dattijo ne, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya ya buɗe kantin maganin shanu da tumaki a ƙarshen layin. Shi matsalarsa daban ce. Yana da wata tsohuwar manhaja da ya saba da ita shekara da shekaru, wadda ke nuna masa wane magani ya kusa lalacewa, wace allura ta kamata a wane wata. Manhajar ba ta tashi a kan sababbin kwamfutoci, tsohuwar tasa kuma tana mutuwa. A Doso an ce masa ya jefar da ita ya koyi sabuwa. Ni kuwa na kwashe tsohuwar kwamfutar gaba ɗaya, yadda take, na zuba ta cikin ɗaki. Da na kunna masa, hoton wani jan bijimi da ya ɗora a fuskar allon tun yana aiki ya bayyana. Dattijon ya zare tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Ɗiyata, ai shi ne. Har da karyayyen ƙahon."

Na ja waya ta ƙarƙashin rumfuna zuwa kantunan nan uku. Kowa ya fito da tsohon allonsa da madanninsa, daga kantinsa yake shiga ɗakinsa. Ƴan fayafayan sola da baturan da muke da su, waɗanda a dā ba za su ishi kwamfuta biyu ba, sai ga shi sun riƙe mu duka, tun da akwati ɗaya ne ke shan wuta. Kowace safiya kuma nakan ɗauki hoton kowane ɗaki. Ba hoton kallo ba: ajiye ɗakin ne kacokan yadda yake a wannan lokaci, ta yadda in wani abu ya ɓaci da rana, sai in mayar da shi yadda ya kwana. Mai atamfa ya taɓa goge sunayen kayansa duka da kuskure, ya shigo yana salati. Kafin shayinsa ya huce na mayar masa. Ya yi ta ba da labarina a kasuwa, har kunya ta riƙa kama ni.

Haka muka zauna lafiya har Gwaggo ta zo.

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce. Shi haifaffen Lugu ne, ya baro garin yana saurayi, ya zo birni ya koyi ɗinki, ya riƙe salla har ya koma ga Allah. Ita ta zauna can a kan al'adar kakanni, kuma kowa ya san tana cikin masu bori. Yaya ya daina zuwa gaishe ta tun rasuwar mahaifinmu. An ce ta so a yi wani yanka irin nasu a lokacin zaman makoki, shi kuma ya hana, suka yi musayar magana mai zafi. Ina ƙarama a lokacin, abin da na iya tunawa kawai shi ne ta tafi ba ta ci abinci ba.

Wata ranar kasuwa ina zaune sai na ji an yi sallama da wata murya mai kauri. Ita ce, ta tsufa, ta bushe, amma a miƙe take kamar tabarya. Tare da ita akwai wata mata mai matsakaicin shekaru, bazawara, wadda ta taɓa koyar da yaƙi da jahilci. Na durƙusa na gaida Gwaggo. Ta kama fuskata da hannu biyu ta daɗe tana kallo, ta ce hancin ɗan'uwanta ne sak.

Abin da ya kawo su shi ne: matan Lugu da na ƙauyukan gefenta sun haɗa ƙungiya, suna yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daudawa da busasshen zogale. Wani kanti a Yamai ya yarda zai riƙa karɓa, amma da sharaɗin kowace kwalba ta zo da takardar shaida a manne, kuma ta cikin manhajarsu za a riƙa karɓar saƙon abin da ake so. Gwaggo ce shugabar ƙungiyar, bazawarar ce marubuciya. Ba su da kwamfuta, ba su da wuta. Sun ji an ce ɗiyar ɗan'uwanta tana ba da hayar kwamfuta marar jiki.

Ban yi wani dogon tunani ba. Akwai sauran wuri a akwatin. Na gina musu ɗaki a gabansu, na ajiye allo da kujera a kusurwar ɗakina, muka yi da marubuciyar za ta riƙa zuwa kowace ranar kasuwa ta yi aikinta.

Gwaggo ta tsaya tana kallon akwatin da ƴan fitilunsa masu ƙyaftawa. Ta ɗora tafin hannunta a kansa, ta ji ɗuminsa.

"Ina namu yake a nan ciki?"

Na ce, "Gwaggo, ba ya ganuwa. Yana ciki tare da sauran ukun, amma kowa daban."

Sai ta kece da dariya har tana riƙe ƙugu. "Ashe ku ma kuna da naku! Babu jiki, sun hau doki guda su huɗu, kowa da halinai. Ai mu mun daɗe da sanin wannan, ɗiyata."

Ni ma na yi dariya, don wasa ne, kuma na san wasa ne. Abin da ban lura da shi ba shi ne mai atamfa yana tsaye a bakin ƙofa, ya zo tambayar wani abu. Bai shigo ba. Ya juya ya tafi.

Kafin kasuwa ta watse magana ta zaga layin. Da ta fita daga bakin Gwaggo wasa ce. Da ta dawo kunnena, cewa ake an kawo ƴar bori daga Lugu ta ɗora hannu a kan injin, ta zaunar da iskoki a ciki, kuma ni da bakina na amsa.

Washegari bayan azahar Yaya ya shigo, ya ja ƙofar, ya zauna a kan kujerar da na ajiye wa marubuciya.

"Ki fitar da su," ya ce.

"Su wa, Yaya?"

"Kin san su wa."

Na ce, "Yaya, kai ma ka yarda akwai iska a cikin akwatin nan?"

Ya yi tsaki. "Kada ki raina mini hankali. Ni na biya aka koya miki abin nan, na san waya ce da ƙarfe. Amma mutane suna magana. Sunana da na masallacinmu ake haɗawa da wannan. Muna hawa mumbari muna ce wa jama'a su rabu da waɗannan abubuwa, sai a ce a bayan kantina ake musu hidima?"

"Man gyaɗa suke sayarwa. Da daudawa. Jiya ma da daudawar Lugu Inna ta yi miyar da ka sha."

"Ba maganar miya nake ba."

"To maganar me kake? In ta zo kantinka sayen tayar babur, za ka hana ta?"

"Wannan ciniki ne, ta saya ta tafi. Ke zaunar da ita kika yi. Kayana da nata a ciki ɗaya."

Na yi masa bayanin da ya riga ya sani, cewa babu abin da ke ratsawa daga ɗaki zuwa ɗaki, cewa ko ni sai da makullin mutum nake shiga nasa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce duk ya ji, amma wanda ke kasuwa ba zai tsaya jin wannan ba.

Nan ne raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, ni ma ban yarda da abin da Gwaggo take yi a Lugu ba. In ta tambaye ni zan gaya mata a gaban idonta. Amma ba bori ta kawo mini ba, sana'ar mata ta kawo mini, matan da ke daka gyaɗa tun safe har hannunsu ya yi kanta. Kuma ita ƙanwar ubanmu ce. Ta zo wurina da ƙafarta, na ce mata to. Ba zan aika mata in ce na fasa don mai atamfa ya ji tsoron wasa ba."

Sannan ya miƙe.

"Ɗakin nan da kike zaune ciki nawa ne."

"Na sani."

"In suna ciki, akwatin ba zai kwana a nan ba."

Na ce, "To, Yaya. Zan nemi wuri."

Ina jin bai zaci haka zan amsa ba. Ni ma ban zaci zai fita bai waiwayo ba. Da ya tafi sai na kashe allon na zauna ina kallon bango.

Da la'asar na tarar da Inna, mahaifiyarmu, tana tankaɗen gari a tsakar gida. Labari ya riga ni isa. Na zauna kusa da ita ina jiran ta ce in bi yayana, don abin da na saba ji ke nan tun ina yarinya. Ta yi ta buga rariya ba ta kalle ni ba. Can ta ce, "Ni ban haifi kwamfuta ba, ku biyu na haifa. Abin da kunka ga dama ku yi da ƙarfenku. Amma duk wanda ya daina gaida ɗan'uwanshi, ni ya daina gaidawa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma na ji daga baya shi ma abin da ta gaya masa ke nan.

Wurin ban sha wahalar samu ba. Tsohon malamin dabbobi ne ya aiko aka kira ni. Yana da wani sito a bayan kantinsa inda yake tara gishirin lasa na shanu. Ya ce in share in shiga.

Na ce, "Baba, ba ka jin abin da ake faɗa?"

Ya ce, "Ɗiyata, na yi wa shanun ƴan bori allura, na yi wa na limamai, daga nan har Dogon Kiriya. Ciwon ɗaya ne, maganin ɗaya. Ke dai ki kula mini da bijimina."

Kafin in tashi sai da na sallami mutum biyu, Yaya da mai atamfa, tun da ba za su zauna akwati ɗaya da matan Lugu ba. Wata ƙawata ta ba ni shawara in ja musu rai, tun da duk aikin kantunansu yana hannuna, in bar su su zo suna roƙo. Ban yi ba. Ɗaya daga cikin amfanin irin waɗannan kwamfutoci shi ne ana naɗe su kamar tabarma a kai wani wuri a shimfiɗa. Na naɗe ɗakin Yaya na zuba masa a kan kwamfutarsa ta hannu, na kunna a gabansa, ya ga babu abin da ya ɓata. Na yi wa mai atamfa haka. Shi ko kallona bai yi ba, ya sa hannu ya karɓa kamar mai karɓar abu daga wuta. Na goge nasu daga akwatin suna gani, don kada gobe a ce na riƙe sirrin wani.

Tashin kansa abin dariya ne in ka tuna. Tsakanin kantin Yaya da siton dattijon bai fi ƴan ƙofofi ba. Na ɗauki hayar amalanke don baturan da fayafayan sola, akwatin kuma na ɗora shi a kai da gammo, da rana tsaka, na ratsa layin. Da gangan na ƙi bin bayan gidaje. Duk wanda ke bakin kantinsa na gaishe shi da sunan sana'arsa, na tambayi iyali. Wasu sun amsa, wasu sun sunkuyar da kai. Da na zo daidai inda Yaya yake zaune na ce, "Yaya, ina wuni." Ya ce, "Lafiya." Na wuce.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Rabin masu hulɗa da ni sun tafi, kuma waɗanda suka yi niyyar zuwa sun janye. A darasin mata akwai waɗanda suka riƙa matsawa in na zauna. Wata ta tambaye ni a gaban jama'a wai da gaske ne injina yana magana shi kaɗai in babu kowa. Na ce mata fanka ce ke juyawa, in tana so ta zo ta gani. Ba ta zo ba. Siton kuma warin gishiri da maganin ƙwari yake, ga zafi, sai da na sa aka fasa taga ta biyu. Amma ban fasa zuwa darasi ba, kuma ban koma sahun baya ba. Inda na saba zama nan na ci gaba da zama.

Ana cikin haka sai abin da masu magana ke jira ya faru. Wata ranar kasuwa marubuciyar ta zo tare da Gwaggo, tana riƙe da ƴar kile, abin nan da ake zuba hotuna da takardu a ciki. Ta kai ta wani wurin buga takardu a gari don a gyara mata hoton kwalba, ashe ta kwaso cuta. Tana sokawa, ba a jima ba allon ya fara haukacewa. Takardu suna buɗe kansu suna rufewa, sunayensu suka koma wasu haruffa marasa ma'ana, linzamin kwamfutar yana yawo a allon shi kaɗai. Matar ta yi ihu ta miƙe har kujera ta faɗi. Gwaggo tana zaune a tabarma tana ɓare goro. Masu sayen magani a kantin dattijon suka leƙo, kafin ka ce me ƙofa ta cika. Na ji wani yana cewa, "Ga shi nan, sun tashi!"

Na ga mai atamfa a cikinsu. Zuciyata ta ce in rufe ƙofa in gyara abina a ɓoye. Sai na yi akasin haka. Na buɗe ƙofar har bango, na ɗage labule, na ce duk mai son gani ya matso.

Na ce, "Wannan cutar kwamfuta ce, birus, daga wannan ƴar kilen ta shigo. Mutum ne ya ƙirƙire ta, ba iska ba. Baba, don Allah duba naka."

Dattijon ya leƙa allonsa ta ƙofar da ke tsakaninmu ya ce, "Nawa lafiya lau. Ga bijimi yana kallona."

"Akwati ɗaya suke ciki," na ce musu. "Cutar ta cika wannan ɗaki, ta rasa ƙofar shiga wancan."

Na zare kilen, na kashe ɗakin matan, na ɗauko hoton da na ɗauka da safe na mayar. Da ya tashi, komai yana nan yadda ya kwana. Abin da ya salwanta kawai aikin da marubuciyar ta yi tun zuwanta, ta kuwa zauna ta sake shi tana ta sauke ajiyar zuciya.

Na so a ce wannan ya rufe bakin kowa. Bai rufe ba. Mai atamfa ya ce da ƙarfi, don in ji, "Abu ya lalace a gaban idonmu, an mayar da shi yadda yake jiya. In wannan ba sihiri ba ne, mene ne?"

Na ce, "Malam, shi ne abin da na yi maka ranar da ka goge kayanka. A ranar albarka ka sa mini."

Wasu suka yi dariya, shi kuma ya tafi yana gunaguni. Har yau bai canza ra'ayi ba, ni ma na daina ƙoƙarin canza masa. Gwaggo kuwa duk abin nan ba ta motsa daga tabarmarta ba. Da mutane suka watse ta ce, "Ni na ja miki wannan da bakina. In kina so mu ɗauke kayanmu, ba zan ji haushi ba."

Na ce, "Gwaggo, ko kin ce za ki tafi ba zan ba ki ba."

Ta miƙo mini rabin goro.

Da bazara ta kai tsakiya, kwamfutar hannun Yaya ta ƙone. Ya sayo wata, ya zo da kansa har siton, karo na farko da ya taka wurin. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama kamar baƙo. Tun ranar da na sallame shi nake zuwa kantinsa lokaci-lokaci in kwafe masa ɗakinsa a kan wani faifai da yake ajiyewa a aljihun tebur, don haka aikin bai yi wuya ba. Na shimfiɗa masa shi a kan sabuwar. Yana zaune yana kallon rufin kwano, ya ce wurin nan ya yi zafi da yawa, zai aiko a sa mini silin. Na yi godiya.

Na ce, "Yaya, wurinka yana nan a akwatin. Ka huta da wannan wahala ta neman caji."

"Suna ciki?"

"Suna ciki."

"To bar ni a nan."

Ya aiko aka sa silin ɗin. Bai dawo cikin akwatin ba, ni kuma ban fitar da kowa ba. Muna gaisawa, muna cin tuwo a gidan Inna ranar Juma'a, ƴaƴansa suna wuni wurina. Maganar ce kawai ba ma tayarwa.

Bayan girbi na je Lugu, karo na farko tun ina goye. Kantin Yamai ya nemi hotunan matan suna aiki, na tafi da wayata na ɗauka. Na ga turamen, na ga tukwanen suya, na ga kwalaben jere a inuwa da takardun da muka buga a sito manne a jikinsu. Da la'asar ta yi na tambayi inda zan yi salla. Gwaggo da kanta ta ɗebo mini ruwa a buta, ta share ƙarƙashin wata bishiya, ta kori awaki, ta tsaya nesa har na idar. Ba ta ce mini komai game da borinta ba, ni ma ban ce mata komai ba a ranar. Wata rana mun yi maganar, doguwa, ba ta ji tawa ba, ban ji tata ba, muka tashi muka ci dambu.

A hankali wasu suka fara zuwa, yawanci ba daga layinmu ba. Na ƙara wa akwatin ƙarfi, na sayi na biyu ƙarami da nake ajiye kwafin ɗakunan a gidan Inna, don ko gobara ta tashi a sito kada mutane su yi asara.

Kwanan baya wani babban mai sayen hatsi daga Geceme ya zo. Yana da rumbuna a wurare da dama, yana so kowane rumbu ya sami ɗakinsa, shi kuma ya riƙa duba su duka daga wuri ɗaya. Aiki ne da zai riƙe ni shekara. Na nuna masa komai, ya gamsu, har ya fara tambayar yaushe za a fara. Sai ya rage murya ya ce, "Malama, na ji wata magana. Su wa da wa ke cikin injin nan?"

Na ce, "Alhaji, ba na faɗa wa kowa wanda ke ciki. Kai ma in ka shiga, ba wanda zai ji daga bakina."

"Amma an ce akwai mutanen Lugu."

"Akwai. Wannan ba ɓoyayye ba ne, duk gari ya sani."

"In na shigo da rumbunana duka, ba za a iya sama musu wani wuri ba?"

Na ce, "A'a."

Ya ce zai yi shawara, ya hau babur ɗinsa ya tafi, bai dawo ba. Wurin da na so in ba shi, wata mai sayar da irin shuka ce daga Tibiri take ciki yanzu.